Fashi a Gidan Zanen Mai Tayil

"Kowa ya kwanta! Ƙasa na ce!"

Tau! Harsashi ya huda silin, farin gari ya zubo cikin kofunan lemo. Mutum sittin da wani abu ne a falon. Minti ɗaya da ya wuce suna tsaye gaban zane-zane, suna karkata kai kamar sun san abin da suke kallo. Yanzu duk sun zube a kan tayil, wani kan wani. Wani mai gilashi, wanda tun safe yake cika wa mutane kunne da bayanin zurfin launi, ya cusa kansa ƙarƙashin mayafin matarsa ya bar sauran jikin a waje.

"Sauro! Wa ya ce ka harba?"

"Hannuna ne ya zame, Oga."

"Uban wa ya zamar da shi? Tsare ƙofa!"

Mai ba da umarnin shi ne Gatari. Ƙato ne, wuyansa ya fi cinyar wani, ya rufe fuska da baƙin ƙyalle amma ya manta da tabon saran da ke bayan hannunsa, wanda rabin garin suka sani. Sauro kuwa ɗan firit ne, idanu jajur, shekararsa arba'in amma ƙwaya ta cinye masa talatin. Su biyu suka shigo da rana tsaka, ƙarfe biyu da kwata, bindigoginsu naɗe cikin ƙyallen zane. Mai gadin ƙofa har da yi musu sannu da zuwa, don ya ɗauka masu fasaha ne.

Gatari ya zaro wata takarda daga aljihu, ya dube ta, ya dubi bango. Zane ya fi ɗari a falon nan. Ya sake duban takardar, ya juya ta sama ta koma ƙasa.

"Ina tsohuwar take?" ya daka tsawa. "Tsohuwa mai ɗinki!"

Amma kafin mu ji yadda ta kaya, sai an san yadda jahili irin Gatari ya zo neman tsohuwa a jikin bango.

Gidan na Mai Tayil ne. Da tayil da masai na zamani da famfunan wanka ya yi arziki. Wata rana wani ya gaya masa cewa manyan mutane ba a gane su da mota, sai da zane a bango. Shi ke nan ya shiga saye, yadda yake sayen kaya a kwantena: a kawo goma, a kawo ashirin. Bai taɓa tsayawa minti biyu gaban ko ɗaya ba. 'Yarsa ce ta san sunayensu, ita ke kula da su, ita kuma ta kawo shawarar a riƙa buɗe wa jama'a ƙofa kwana uku a shekara. Uban ya yarda don ya ji za a zo da masu kyamara.

A bayan gidan akwai tsohon sito inda yake ajiye tayil a da. Ya yayyanka shi ɗaki goma sha biyu ya zuba masu zane da masu sassaƙa da wani mai walda da wata mai ginin tukwane. Ƙofar ƙarfe ɗaya ce tsakanin gidan da farfajiyar siton. A waɗannan kwana ukun su ma sukan buɗe ɗakunan aikinsu, su share, su sa riga mai tsabta, su zauna jiran baƙin da suka ƙoshi da lemon kyauta su leƙo su ce, "Kai, da kyau," su wuce ba su sayi ko tsinke ba.

A ɗaki na bakwai Farfesa yake. Ba farfesan komai ba ne, maƙwabtansa ne suka laƙa masa don yawan surutu. Shekara ashirin da biyu yana zane, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba a hana shi. Sai dai bai iya ƙirƙirar nasa ba. Abin wani yake kwaikwaya har mai abin ya rasa gane nasa. Mai Tayil bai taɓa sayen zanensa ba. Aikin goge ƙura da gyaran firam yake ba shi, yana kiransa "kai mai fenti".

Bara aka ba shi wani ɗan ƙaramin zane ya wanke. Bai wuce girman murfin akwati ba: wata tsohuwa zaune bakin taga tana ɗinki. Wanda ya zana ta ya daɗe da mutuwa, kuma duk cikin tarkacen Mai Tayil ita ce ake tasowa daga wasu ƙasashe don a gani. Mako shida ta yi a ɗaki na bakwai. Da lokacin mayarwa ya yi, Farfesa ya mayar da wadda ya zana da hannunsa, ya naɗe ta gaske cikin bargo ya tura bayan kabad.

Wata takwas ba wanda ya lura. Sai 'yar Mai Tayil ta sanar cewa a rana ta uku ta buɗe ƙofar bana, wata masaniya za ta zo ta duba zane-zanen ɗaya bayan ɗaya da fitila da madubi. Ranar nan Farfesa ya yi zawo sau huɗu. A na biyar ne dabara ta zo masa: idan an sace ta bogin kafin masaniyar ta iso, wa zai san ta bogi ce?

Ya sami Gatari da Sauro da azahar a rumfar facin Allura. Allura direban Gatari ne, kuma mijin ƙanwarsa. Siriri ne, bakinsa ya fi zuciyarsa girma. Suna zaune kan tsofaffin tayoyi, injin iska na ta ƙara.

"Zane?" in ji Gatari. "Ka taso ni daga barci a kan zane? Na ɗauka gwal ne."

"Wannan zanen," in ji Farfesa, "ya fi gidanku da gidan surukan Allura a haɗe."

"Ai gida ɗaya ne, Farfesa," in ji Allura. "Sake lissafi."

"Rufe mana baki, suruki," in ji Gatari. "Wa zai sayi tsumma mai fenti?"

"Akwai mai saye a waje. Amma da ni kaɗai yake magana."

"Da kai kaɗai."

"Haka harkar take. Ba tumaki ba ne da za ka kai kasuwa."

Sauro ya ɗago kai daga gyangyaɗi. "Akwai mata a wajen?"

"Akwai wayoyi da sarƙoƙi, amma kada ku taɓa. Minti huɗu kawai. Ku ciro tsohuwar, ku bi ta ƙofar ƙarfe, ku miƙo min ita ta tagar ɗaki na bakwai, ku fice ta ƙofar baya. Allura na jiranku a lungu. Ko an tare ku a hanya, ba komai a hannunku."

Ya zana musu tsohuwar a bayan takardar faci, don ya san ba mai iya karanta suna a cikinsu. Gatari ya karɓa, ya dubi Farfesa.

"Ka san me ya sa ake ce min Gatari?"

"Na ji labari."

"To, kada ka bari ka gani."

Farfesa ya yi dariyar yaƙe. Abin da bai gaya musu ba shi ne babu wani mai saye da ke jiran wannan. Ta bogin na shiga hannunsa zai cusa ta a murhun gasa tukwanen maƙwabciyarsa. Su kuma ya riga ya sayi sabuwar waya da sabon layi don ya kira musu 'yan sanda, ya haddace lambar motar Allura. Ya san 'yan sandan garin ba su cika wahalar da kansu da kamo ɗan fashi da rai ba. Shi a ganinsa ya fi kowa wayo a rumfar nan. Su ma ukun kowannensu haka yake ganin kansa.

To, ga Gatari tsakiyar falo da takarda a hannu.

"Na ce ina tsohuwar?"

Ya hango wani ƙaton zane mai faɗin ƙofar gareji, ya nufe shi. Tunaninsa abin da ya fi tsada shi zai fi girma. Ya tsaya. Doki ne a jiki. Ya ja tsaki, ya damƙo kwalar wani dattijo mai ƙaton tumbi da ke rarrafe zai shige ƙarƙashin tebur.

"Kai ne mai gidan?"

"A'a! Wallahi baƙo ne ni!" in ji Mai Tayil. Hotonsa na rataye a bakin ƙofa, ya fi na dokin girma.

"Sake shi."

'Yarsa ce. Ita kaɗai ce ba ta kwanta ba, ta durƙusa ne kawai.

"Ka sake mahaifina. Ga abin da kake nema can, bayan ginshiƙi. Ɗauka ka tafi, kada ka taɓa kowa."

"Ke, yi shiru!" in ji uban. Ya juyo ga Gatari. "Ɗana, ɗauki dokin ma. Ɗauki duka. Agogon nan kawai ka bar min, na gado ne."

Gatari bai ma lura da agogon ba sai da aka ambata. Ya fizge shi, ya hankaɗa dattijon, ya zagaya ginshiƙi. Ga tsohuwa tana ɗinkinta. Ya kwatanta da takarda. Ita ce.

"Wannan 'yar mitsitsiyar?" Ya fizge ta — ƙusa ta fito da siminti. "Sauro, mu ware!"

Sauro na can tsugune yana zuba wayoyi a cikin hularsa, yana tsinke sarƙa daga wuyan wata mata.

"An ce kada a taɓa!"

"Oga, wanda ya ce kada a taɓa ba shi ke ciyar da ni ba."

Minti huɗun Farfesa ya zama tara.

Shi kuwa Farfesa yana ɗaki na bakwai, gumi ya jiƙa masa riga. Shirinsa shi ne sai zanen ya shigo hannunsa sannan ya kira 'yan sanda. Amma harbin Sauro na tashi, yatsansa ya danna kira tun kafin ya yi shawara da kansa.

"Fashi! Fashi a gidan Mai Tayil! Farar mota a lungun baya, ga lambarta —"

A ofishin 'yan sanda Sufeto ya cire takalmi yana sakace. Da a ce daga unguwar talakawa aka kira, da sai an nemo direba, an nemo mai, an nemo wanda ya tafi da makulli. Amma duk tayil ɗin da ke banɗakin Sufeto kyautar Mai Tayil ne, har da famfo mai ruwan zafi.

"Ku tashi! Ku tashi, 'yan banza! Mota biyu!"

"Yallaɓai, takalminka."

"Kawo a mota!"

Tun da aka gina ofishin nan ba a taɓa fita da sauri haka ba. Wannan ne abu na farko da Farfesa bai lissafa ba.

Na biyu shi ne Allura. Yana zaune a lungun baya, inji na aiki, yana taunar farce. Tun safe yake cika baki cewa ko jirgi aka biyo shi da shi sai ya ɓace. Sai ya ji jiniya. Nesa take, ba a ma san inda ta nufa ba. Ya dubi ƙofar baya. A rufe. Ya dubi madubi.

"Yaya, ka yafe ni," ya ce wa sitiyari. "Ina da iyali."

Ya taka mota, taya ta yi ƙara, ya bar hayaƙi a inda aka ce ya jira.

Garam! Gatari ya bankaɗe ƙofar ƙarfe da kafaɗa, zane a hammata, bindiga a hannu. Farfajiyar sito ta hargitse. Baƙi na gudu, masu zane na rufe ƙofofi da sakata, kowa ya bar maƙwabcinsa a waje. Mai sassaƙa, wanda ya shekara yana sassaƙa jarumai da takubba, ya shige cikin durom ɗin ruwa ya ja murfi.

Mutum ɗaya ce ba ta san abin da ake ciki ba. Gwaggo Mai Tukwane, ta ɗaki na huɗu. Kunnenta ya yi nauyi tun shekarun baya, kuma idan tana kan faifan juya yumɓu ba ta ɗaga kai. Ita ce ta fi kowa daɗewa a siton, ita ke ajiye wa kowa makulli, ita ke tsawata wa Farfesa idan ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ta gama ɗanyun kofuna takwas, ta jera su a kan katako, ta fito da baya za ta shanya su a rana.

Sauro ya zo a guje, hula cike da wayoyi. Suka yi karo. Katako ya faɗi, wayoyi suka watse.

"Kai ɗan nan, ba ka gani —"

Tau! Tau!

Ta zauna a ƙasa kamar wadda ta gaji. Ta dubi kofunan da suka lotse, ta miƙa hannu za ta gyara ɗaya. Hannun bai kai ba.

"Me ka yi?" Gatari ya yi ihu. "Tsohuwa ce, jaki!"

"Ita ta tare ni, Oga! Ita ta —"

Sauro ya tsuguna yana tsintar wayoyi a cikin jini. Gatari ya wuce shi, ya ja ƙofar baya, ya leƙa lungu.

Ba mota.

"Allura! Allura, ɗan —"

Motar da ta shawo kwana ba fara ba ce. Ya maido ƙofa da sauri. Sauro kuwa ƙwayar da ke kansa ta gaya masa zai iya tsallake katanga. Ya kama, ya hau, ya zauna a sama kamar zakara, hula a baki.

Ta-ta-ta-tau!

Ya faɗo ta waje. Wayoyin suka faɗo ta ciki, ɗaya na ta ringin.

Gatari ya juya. Gaba 'yan sanda, baya 'yan sanda. Ɗaki na bakwai ne kawai ya sani. Farfesa ya leƙo ta taga ya miƙo hannu biyu.

"Miƙo! Miƙo ta, ka gudu!"

"In gudu ina? Buɗe!"

"Ba haka muka yi ba —"

Ƙafa ɗaya Gatari ya sa wa ƙofar, sakata ta yi tsalle. Ya shiga, ya tura ƙofa, ya waiga neman abin tokarewa. Ɗakin ƙunci ne, warin fenti da kananzir, gwangwanaye ko'ina, katifa a naɗe a lungu. Kabad na jikin bango.

"Kada ka taɓa wannan!" in ji Farfesa. "Ƙafarsa a karye take! Ga tebur!"

Gatari ya rungumi kabad ɗin ya ja shi ƙiii har bakin ƙofa. Wani abu naɗe da bargo, wanda kabad ɗin ke tokare da shi, ya kife a ƙasa. Bargon ya buɗe.

Tsohuwa ce zaune bakin taga tana ɗinki.

Gatari ya dubi ta ƙasa. Ya zaro ta hammatarsa ya duba. Ya jingina su a bango kusa da juna. A waje lasifika ta fara ƙara, muryar Sufeto na cewa an kewaye ko'ina, a fito da hannu a sama. Gatari bai ko juya ba. Ya cire ƙyallen fuskarsa ya share gumi da shi.

"Farfesa."

"Na'am, Oga."

"Wannan ƙanwarta ce?"

"Kwafi ne. Na koyon hannu. Duk masu zane suna yi, wallahi, tambayi kowa."

"Na koyon hannu ake ɓoyewa a bayan kabad?"

"Don ƙura."

"Wa ya kira 'yan sanda?"

"Ina zan sani? Mutum sittin ne a falon, kowa da waya!"

"Wayoyinsu na hular Sauro."

Sabuwar wayar na kan tebur kusa da kwalin da ta fito, ko ledar fuskarta bai ɓare ba. Gatari ya ɗauka, ya duba kiran ƙarshe. Bai iya karatu ba, amma lambar 'yan sanda ko jaki ya san ta.

Ya ajiye wayar a hankali. Ya zaro wuƙa daga ƙugu.

"Ni jahili ne," ya ce. "Ban san zane ba. Kai za ka koya min."

Ya ɗora tsinin wuƙar a kan fuskar wadda ya sato. Ya dubi Farfesa. Farfesa bai ko motsa ba. Gatari ya ɗaga wuƙar ya mayar kan ta bargon.

"A'a! Kada! Don Allah, Oga, ba wannan ba!"

Gatari ya yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Wato a kan aikin hannunka Sauro ya mutu. A kan aikin hannunka na baro gidana."

"Mu raba! Ni da kai! Akwai mai saye, na rantse, wannan karon da gaske —"

Ƙyaaat! Wuƙa ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙyat! Ƙyat! Ya yi ta yanka har tsohuwar ta koma zare-zare a jikin katako, ya ɗauki gwangwanin baƙin fenti ya juye a kai, ya taka da takalmi. Farfesa ya durƙusa yana kuka kamar an kashe masa uwa, shi da bai zubar da hawaye ko ɗaya ba lokacin da ya ga Gwaggo ta faɗi ta tagar nan.

"Da wane hannu kake zane?"

"Oga, ka ji tsoron Allah —"

"Yau ka tuna da shi? Ɗora a tebur."

Bai ɗora ba. Gatari ya kama wuyan hannun daman ya danna a kan tebur, ya ɗora bakin bindiga a tsakiyar tafin.

Tau!

Ihun Farfesa ya fita har titi. A waje, Sufeto na ɓoye bayan mota da lasifika, takalmi ɗaya a ƙafa. Yana jin harbin ya faɗi ƙasa ya rufe kai.

"Mu yake harbi! Ku buɗe wuta! Ku buɗe!"

Mutum tara suka juye abin da ke cikin bindigoginsu a kan ƙofar katako ɗaya. Ba wanda ya tambaya ko akwai wani a ciki ban da ɗan fashin. Taga ta tarwatse, gwangwanaye suka fashe, ja da shuɗi da rawaya suka yi ta tsiyaya a bango. Da suka gaji, shiru ya sauka. Sai da aka yi minti goma kafin a sami mai zuciyar leƙawa.

Gatari na zaune jingine da kabad, idanu a buɗe, harsashi shida a jikinsa, agogon Mai Tayil a aljihu. Farfesa na ƙarƙashin tebur, ya dunƙule abin da ya rage na hannunsa a cikin riga, yana numfashi. Ta bogin kuwa tana jingine a bango inda aka ajiye ta. Ko ɗigon fenti bai taɓa ta ba.

Sufeto ya shigo bayan kowa, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya fita gaban masu kyamara.

"Mun ƙwato dukiyar," ya ce. "Cikin ƙwarewa."

Allura bai yi nisa ba. Ya yar da motar a bakin kasuwa, ya shiga gida ta baya, ya ce wa matarsa zazzaɓi yake ji, ya ja bargo. La'asar ba ta yi ba labari ya zo a rediyo. Matar na tsaye a tsakar gida da tsintsiya ta ji an kwatanta tabon da ke bayan hannun yayanta. Ta shigo ɗaki.

"Tare kuka fita da Yaya."

"Ni? Ina rumfa tun safe."

"Ina motar?"

"Tana wajen gyara."

"Ka baro shi." Ba tambaya ba ce. "Shi ya saya maka motar. Shi ya aura maka ni, lokacin da ba mai ba ka ko kaza."

"Ki saurara, uwar 'ya'yana, don ku na —"

Ta fita, ta ja ƙofa, ta datse kwaɗo ta waje. Ta ari wayar maƙwabciya. Da 'yan sanda suka zo, a cikin kwandon wanki suka same shi, ya lulluɓa da zannuwanta. Tun kafin a kai shi mota ya faɗi sunan kowa, har da waɗanda ba a tambaye shi ba.

Ga abin da rana ɗaya ta ci. Gatari da Sauro, waɗanda ba wanda ya yi rashinsu sai mace ɗaya. Allura, da zai tsufa a kurkuku ba mai kai masa ziyara. Farfesa, da likita ya yanke masa hannun daga wuya, aka ɗaure na hagun da ankwa a jikin gadon asibiti. Zanen da aka yi shekara da shekaru ana tasowa daga nesa don a gani, ya koma tsumma a cikin kwandon shara. Sai Gwaggo, wadda ba ta san ma an yi fashi ba.

Washegari ita ce rana ta uku. Waya ɗaya Mai Tayil ya buga aka dawo masa da zanen da agogonsa. Masaniyar ta iso da safe da jakarta. Ba ta ma kunna fitila ba. Ta juya zanen, ta shinshina bayansa, ta kira 'yar gefe ta yi mata magana ƙasa-ƙasa.

'Yar ta sami uban a ofis yana gyara hula gaban madubi.

"Baba, wannan ba ita ba ce. Mai fentin ne ya zana. Ta gasken ita ce aka yayyanka."

Ya tsaya da hula a hannu. "Ban da matar nan, wa zai gane?"

"Ba kowa, Baba. Amma —"

"To, a sallame ta, a mayar da shi bango. Kin leƙa waje kuwa?"

"Baba, an kashe Gwaggo jiya a farfajiyarka. Yau ya kamata mu rufe."

"Wace Gwaggo?"

Ta ajiye masa makullan falon a kan tebur, ta ɗauki mayafinta ta fita, ta nufi gidan rasuwar ita kaɗai. Bai tambayi inda za ta ba. Ya kira mai gadi ya buɗe.

Layi ya kai har bakin titi. Duk shekarun da aka yi ana buɗe gidan ba a taɓa ganin jama'a haka ba. Kowa so yake ya ɗauki hoto da zanen da aka sace, da ramin harsashi a silin. Mai gilashin nan ya dawo, yana ba da labarin yadda ya kare matarsa da jikinsa. Masu ɗakunan sito sun buɗe ƙofofinsu tun da sassafe, an wanke farfajiya da omo, mai sassaƙa ya sayar da jarumai uku.

Wajen azahar wani magidanci ya iso bakin ƙofa yana tura baro, idanunsa a kumbure.

"Ina zuwa?" in ji mai gadi.

"Ɗaki na huɗu. Kayan mahaifiyata zan kwashe."

Mai gadi ya dubi baron, ya dubi takalminsa, ya dubi takardar da ke hannunsa.

"Ka rubuta suna?"

"A'a."

"To, koma baya ka bi layi."